Bijimin Kujerar Bature

Ni ce ta fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kama sunana ba. Hawwa'u aka raɗa mini, amma a bakinsa "ke" ce ni, kuma idan ya ja wannan "ke" ɗin da wata irin murya, na san zancen dusa ne zai biyo baya. Ina koyarwa a wata firamare a Dutsin-Ma, nan nake aure. Shi kuwa Baba, Malam Sodangi, yana can ƙauyenmu a bayan Barkiya. Tun rasuwar Inna shi kaɗai ne a gidan, sai Garba ɗan ƙanensa da suke katanga ɗaya, sai kuma wani tsohon bijimi da ya hana ni sakat shekara goma sha wani abu.

Ga yadda bijimin ya shigo rayuwata. Ƙanena Zaharaddin injiniya ne, yana aiki a Fatakwal da wani kamfanin mai na Turawa. Shekarun baya gwamnati ta yi doka, ta ce duk Baturen da irin waɗannan kamfanoni suka kawo sai an ajiye ɗan ƙasa a gefensa yana koyon aikin, bayan shekara huɗu Bature ya tashi ɗan ƙasa ya zauna. Aka zaɓi Zaharaddin aka ajiye shi gefen Baturen da ke shugabantar masu kula da rijiyoyin mai. Da ya zo gida da sallah ya yi wa Baba bayani, Baba ya saurara har ƙarshe. Kasuwar Kurfi tana ci sai ga shi ya dawo da ɗan maraƙi fari mai baƙin baki. Ya kafa turke a gindin darbejiyar tsakar gida, ya dafa kan maraƙin a gabanmu da gaban maƙwabta, ya yi bakance: ranar da ɗansa ya zauna kujerar Bature, wannan dabba ta Allah ce, za a yanka ta a nan a raba wa mutanen garin.

Ranar har guɗa Inna ta yi. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Shekara huɗu ai kamar gobe ce.

Shekara huɗu ta cika, maraƙi ya zama bijimi har da tozo, Bature bai motsa ba. Kuma wai kamfanin bai karya doka ba. Suna kawai suka canja wa kujerar. Da shugaban masu kula da rijiyoyi ne, yanzu ya koma babban mai ba da shawara kan rijiyoyi, don haka a wurin hukuma sabuwar kujera ce, sai a sake lissafi daga farko. Ofis ɗin bai canja ba, teburin ma shi ne, Baturen kuma yana nan da jan wuyansa. Da waɗannan shekarun suka ƙare sai suka canja Baturen kansa, suka kawo wani wanda Zaharaddin ya girme shi. Duk zuwan ƙanena gida sai ya durƙusa gaban Baba ya ce saura kaɗan, Baba ya ce Allah ya nuna mana, ya juya ya ce mini, "Ke, dusa ta ƙare."

Bijimin nan bai taɓa jan garma ba. Baba ya ce abin da aka ba Allah ba a sa shi huɗa. Shanun mutane suna gona tun safe, shi yana kwance a inuwar darbejiya yana tuƙa, ana kawo masa harawa da kanwa har gabansa. Ganin haka matasan garin suka sa masa suna Manaja, sunan kuma ya bi shi. Ni ce mai hidimar Manaja. Duk ƙarshen mako, in na tashi daga makaranta, sai in bi ta wurin mai dusa, in ɗaura buhu a bayan motar Kurfi, daga Kurfi in hau babur har ƙauye, buhun yana tsakanina da mai babur. Na yi wannan tafiya da ciki, na yi ta da goyo, na yi ta ranar da nake zazzaɓi. 'Yan tashar Dutsin-Ma ba su san ni malama ba ce, Mai Dusa suke kirana.

Duk wannan da na jure. Abin da ya fi ƙarfina shi ne da zaman ƙauye ya lalace. Ɓarayin shanu suka matsa wa yankinmu, wanda yake da dabba ya zama kamar ya rataya wa gidansa fitila. Mutane suka sayar da na sayarwa, Garba ma ya rabu da shanun huɗarsa yana hawaye. Ya zama a unguwarmu babu gidan da ake jin kukan sa sai gidan Baba, ga bijimin fari fat, daga nesa ake hango shi. Na daina barcin kirki. Waya ta yi ƙara da asuba sai in zabura a firgice kafin in duba mai kira.

Maigidana, Malam Abubakar Sadiq, Allah ya saka masa, ya gyara wa Baba ɗaki a gidanmu na Dutsin-Ma, mai ƙofa ta waje, taku kaɗan zuwa masallaci. Ya sa fanka, ya shimfiɗa leda. Baba ya zo ya gani sau ɗaya, ya sa albarka, ya leƙa tsakar gidanmu da aka malale da siminti, ya ce ina za a kafa turke a nan. Na ce a sayar da bijimin, in lokaci ya yi a sayi wani. Na kai maganar har gaban limamin garinmu, shi ma ya ce akwai sauƙi a cikin lamarin, ya zo da kansa ya yi wa Baba bayani. Baba ya saurare shi da ladabi, ya raka shi har ƙofa, ya dawo ya dube ni.

"Ke, ni ba ni canja ma Allah dabba yadda su ke canja ma kujera suna. Wanga na dafa, kuma nan na dafa shi."

Na ce, "To Baba in ya mutu fa? Ka ga dai ya tsufa."

"In ya mutu Mai shi ya karɓi abinai. Sai in sawo wani maraƙin in ɗaure."

Wannan maganar ita ta zauna mini a ƙirji. Wato muddin Zaharaddin bai hau kujerar nan ba, Baba ba zai bar ƙauye ba, ko da wannan bijimin ko da wani. Ni da ban taɓa ganin rijiyar mai da idona ba, sai ga ni ina kasa kunne ga labaran kamfanoni da hukumomi kamar ina da hannun jari.

Cikin bazarar bana Zaharaddin ya iso gidana ba sanarwa. Na dawo daga makaranta na tarar da motarsa a ƙofa, shi kuma yana zaune a ɗakin da aka gyara wa Baba, fanka tana juyawa a kansa. Ya rame, furfura ta fito masa a gefen kunne. Na kawo masa ruwa da fura, ya sha kaɗan ya ture. Muka gaisa, na tambayi iyali, sannan na yi tambayar da na gaji da yi.

"Ya Baturenka?"

"Ya tafi, Yaya."

"Sun kawo wani ke nan."

"Ba su kawo ba. Hukuma ta ƙi sabunta mashi izini, ta ce wasan canja suna ya isa haka. Ni aka ba kujerar."

Na tsaya da kofi a hannu. Na ce yaushe. Ya sunkuyar da kai ya ce tun bayan kaka.

Wallahi na ji kamar in kwaɗa masa kofin. Tun bayan kaka! Buhu nawa na ɗauka daga kaka zuwa yau, asuba nawa na farka a firgice. Na buɗe baki na faɗa masa duk abin da ya zo mini, ban rage ba. Ya bar ni na gama, don ya san halina tun muna yara, in ban zazzage ba ba na ji.

Sannan ya ce, "Yaya, ki bari ki ji irin kujerar. Watan da suka ba ni ita, a watan suka sanar za su sayar da duk rijiyoyinsu na tudu su koma cikin teku. Sun ce dokoki sun yi masu yawa, ga haraji, ga maganar gyara ƙasar da mai ya ɓata. Wani kamfani na gida zai saya, kuma shi yana da mutanensa, har na ga wanda zai zauna inda nake. Abin da ya tsayar da cinikin kawai gwamnati ba ta sa hannu ba, ta ce sai an fayyace wanda zai gyara ɓarnar. Ranar da ta sa hannu, ranar zan kwashe kayana."

"To yanzu me kake yi a kujerar?"

"Gadi. Aikina na farko da na hau shi ne in kira mutanen da muka yi shekara da shekaru tare, in ce masu kamfani ya gode. Benenmu duk ya zama kango, in na yi tari sai in ji muryata ta dawo mani. Wannan ce kujerar da kike so a yanka wa sa? A tara Kurfi da Barkiya a ci nama, kowa ya kawo mani ɗansa in sama mashi aiki, bayan 'yan watanni a gan ni na dawo da jaka?"

Na ji tausayinsa, don na san abin da ya zuba a wannan jiran. Ƙuruciyarsa ce ya zuba. Amma tausayin bai kai ya kashe mini haushi ba.

Na ce, "Kai bakin mutane kake tsoro. Ni kiran asuba nake tsoro. Baba bai ce sai kujera mai daɗi ba, cewa ya yi ranar da ka zauna."

"Ba zan iya duban idonsa in ba shi rabin labari ba."

"To ba shi duka."

"Duka ɗin ne ba zan iya ba."

Haka muka yi ta yi har maigidan ya dawo ya raba mu. Iyakar abin da na samu shi ne ya yarda mu je ya gaida Baba washegari, maganar kuma ya ce in bar shi ya faɗa a lokacin da ya ga ya dace. Na san wannan lokacin, shi ne wanda ba ya zuwa. Duk da haka na bi ta wurin mai dusa, don ko me za a yi Manaja sai ya ci.

Da safe muka kama hanyar Kurfi a motarsa. A can muka bar ta a gidan wani abokinsa, don ba a shiga hanyar ƙauyenmu da mota mai ƙyalli yanzu. Muna neman babura sai 'yan tasha suka gane shi, suka yo caa. Wannan ya ce Injiniya sannu da zuwa, wancan ya ce Injiniya yaushe za mu ci Manaja, haƙoranmu fa sun fara zubewa. Ya yi musu murmushin da bai wuce leɓe ba, ya ce saura kaɗan. Ni na kau da kai, don na ji kalmar nan har ta fita mini a rai.

Tun daga bakin gari na san ba lafiya ba. Mutane sun taru a ƙofar gidanmu, ba mai magana da ƙarfi. Na sauka daga babur ban san na bar buhun dusa a ƙasa ba. Garba ne ya tare mu a zaure, wuƙa a hannunsa, sai ƙyalli take.

"Baffa lafiya lau yake," ya ce da sauri da ya ga fuskata. "Manaja ne. Tun da aka fito sallar asuba ya faɗi, mun ɗaga mun ɗaga ya ƙi tashi. Na wasa wuƙa tun ɗazu, Baffa ya hana."

Muka shiga. Bijimin yana kwance a gefensa a gindin darbejiya, haƙarƙarinsa duk a waje, tozon nan da ake kallo da ya kwanta kamar tsohuwar hula. Numfashi yake ja da ƙyar, kumfa a bakinsa, ƙudaje sun fara taruwa a idonsa. Baba yana zaune a ƙasa dirshan kusa da kansa, yana kore ƙudajen da gefen rawaninsa. Ban taɓa ganin Baba ya yi ƙanƙanta haka ba.

Garba ya durƙusa ya ce, "Baffa, don Allah. In ransa ya fita mushe ne, sai dai mu ja shi bayan gari. Shekara nawa ana ba shi abinci, a ƙare a ba ungulu?"

Baba bai ɗago ba. "In na yanka shi yanzu na karɓe abin da na ba Allah na kai tukunya. Bar shi. In Mai shi na so ya ɗauka."

Na dubi Zaharaddin. Ya durƙusa daga nesa kaɗan, ya gaida Baba, Baba ya amsa a taƙaice ba tare da ya dube shi ba. Ni kuwa a raina ba bijimin nake gani ba. Sabon maraƙi nake gani a wannan turken, da wasu shekaru goma na buhun dusa, da Baba a gidan nan shi kaɗai har ranar da za a kira ni. Maganar tana bakina, saura kaɗan in faɗe ta da kaina. Abin da ya riƙe ni shi ne na san Baba: ba zai karɓe ta daga bakina ba, zai ce ina son in raba shi da garinsa ne. Na matsa kusa da ƙanena na taka masa yatsan ƙafa da dukan nauyina. Bai ko motsa ba.

Bijimin ya ja wani dogon numfashi, ƙafarsa ta baya ta miƙe. Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta yi salati. Sai a lokacin Baba ya ɗaga kai ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa.

"Kai. Wanga zuwa naka ba na sallah ba ne, ba kuma na rasuwa ba. Ka zamna ko ba ka zamna ba?"

Zaharaddin ya sunkuyar da kai. Gumi yana bin wuyansa.

"Na zauna, Baba. Amma..."

"Garba, ku juya shi gabas."

Baba bai jira sauran ba. Maza huɗu suka kama ƙafafu da ƙaho suka juya bijimin, Baba ya ɗora tafin hannunsa a goshinsa, daidai inda ya dafa yana maraƙi, ya ce wani abu a hankali da ban ji ba. Garba ya yi bisimilla ya sa wuƙa. Muka zuba ido, don in jini bai tsartu ba aikin banza aka yi. Jinin ya tsartu, ƙafafun suka yi shure-shure, mutanen ƙofa suka ɗauki kabbara. Ni dai na zame na zauna a kan rabin duron da Manaja yake cin dusa a ciki.

Kafin azahar an feɗe, an kasa naman kashi-kashi a kan buhuna, an aika gida-gida, aka fara da gidajen marayu da na tsofaffi kamar yadda Baba ya ce. Naman kuwa sai wanda ya gani. Mun hura masa wuta tun rana tana tsaka har la'asar sakaliya, yana nan kamar igiyar guga. Matan unguwa suna dariya suna cewa Manaja bai yi aiki yana raye ba, ga shi ya mutu ya ba mu aiki. Baba da ba shi da turame ko tsoka ɗaya bai iya taunawa ba, romo kawai na zuba masa a kwano ya kurɓa.

Abin da Zaharaddin ya ji tsoro kuwa bai fasa zuwa ba. Labari ya kai Barkiya ya kai Kurfi, mutane suka yi ta shigowa ana addu'a ana shafawa. Wannan ya ce yana da ɗa ya gama jami'a a Dutsin-Ma yana zaune, wancan ya ce ko gadi ne a taimaka wa ƙanensa. Ƙanena yana zaune a kan tabarma kusa da Baba yana cewa in sha Allahu, in sha Allahu, fuskarsa kamar wanda ake yi wa gaisuwar mutuwa. Sau biyu na ga ya karkata zai yi wa Baba magana, sau biyu wani baƙo ya yi sallama. Na tausaya masa ƙwarai, amma ban yi nadama ba.

Washegari ban ce wa Baba komai game da tafiya ba, tsoro nake kada in ɓata. Na fito daga ɗakin Inna sai na tarar ya riga ya ɗaure kayansa: buta, buzun sallarsa, Alƙur'aninsa a cikin gafaka, 'yan riguna a ƙullin zane, da rediyonsa. Ya sa Garba ya girgiza turken ya tumɓuke shi, ya cike ramin da ƙasa ya daddanna da ƙafa. Igiyar kuwa ya naɗe ta da kansa ya riƙe. Ya ba Garba makullin rumbu, ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ya yi musu sallama, bai waiwayi darbejiyar ba.

A Kurfi muka shiga mota, Baba a gaba da rediyo a cinya, ni a baya da ƙullin kaya. Muka yi nisa a hanyar Dutsin-Ma. Gonaki duk an share ana jiran ruwa. Na ga Zaharaddin yana ta gyara riƙon sitiyari, na san yana tattaro maganar ne.

"Baba, jiya ban ƙarasa ba."

"Wagga amma taka? Riƙe abarka, na san ta." Baba ya ɗan bubbuga rediyon da yatsa. "Tun sanyi na ji a nan, an ce kamfaninku na saida rijiyoyi shina tahiya, gwamnati kaɗai a ke jira. Kullum da safe sai na saurara."

Motar ta ɗan yi tangal-tangal kafin ya daidaita ta. "Ka sani, Baba?"

"Na san ana saidawa. Ban san ka zamna ba. Da na ji, cewa na yi shi ke nan, yaron ga sun cinye mashi shekaru, har su tahi ba su ba shi ba. Na ce to ni da bijimin ga sai mu ƙarasa nan, duk wanda ya riga wani. Na daina ko duban hanya." Ya gyara rawaninsa. "Ashe kana bisa kujera tun bayan kaka, ni ina nan ina yi maka kuka."

Zaharaddin ya gangara gefen titi ya tsayar da motar. Ya kifa goshinsa a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa. Mutum mai furfura, uban 'ya'ya huɗu. Baba ya bar shi ya yi mai isarsa, yana kallon gonaki ta taga.

"Ni ranar da ka zamna na ce ma Allah. Ban ce mashi kwana nawa za ka yi ba. Ko yini guda ne, da ka faɗa mani." Ya miƙa hannu ya dafa masa ƙeya. "In sun sa hannu ka taho gida. Tashi mu tahi, rana na yi."

Ya share fuska ya tada mota. Mun kusa shiga gari, an fara ganin Keke Napep da 'yan jami'a a bakin hanya, sai Baba ya ce, "Ke." Da wannan muryar dai, wadda na sani. Jikina ya amsa kafin kaina, har na fara tunanin ko mai dusa ya buɗe.

Ya miƙo mini igiyar ta saman kafaɗarsa ba tare da ya juyo ba.

"Ungo, ki yi shanya da ita. Kin ɗauki kaya, Allah shi yi maki albarka."

Na karɓa. Ni na sayo ta a kasuwar Dutsin-Ma bara, da tsohuwar ta tsinke, har yanzu tana warin bijimin. Na sa ta a fuskata na yi kukan da ban samu sararin yi ba duk shekarun nan, su biyun a gaba ba wanda ya juyo, kuma na gode musu da haka.

Igiyar tana tsakar gidana yanzu, kayan makarantar yara a kanta. Zaharaddin ya koma Fatakwal yana gadin kujerarsa, gwamnati ba ta sa hannu ba har yau. Kullum in zan fita makaranta nakan tarar da Baba a ƙofar ɗakinsa a kan buzu, ya kara rediyo a kunne yana jiran labarai. In na gaishe shi sai ya ɗaga mini hannu in yi shiru, kada a faɗa bai ji ba.